Faranti Biyu a Ramin Hankurau

Ni na ja wa kaina.
Na ƙara wa motata lam biyu a baya
don ta ɗauki albasar Tamaske ba ta durƙusa ba,
ta kuwa miƙe kamar raƙumin da aka kwance wa dabaibayi.
Kwana uku ina taƙama.
Ran na huɗu, bayan Badagishiri, allura na taɓa sittin
sai kujera ta fara kaɗa mini ƙugu,
madubi ya raba kowace mota biyu,
goron da ke bakina ma sai da ya ji a jikinsa.

Na canja taya. Na canja wata.
Jika goma sha takwas ta tafi, rawar na nan.

A Tawa, bayan tasha, akwai rami a gindin dogon yaro
da wani tsoho, Hankurau, mai yatsu tara.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya cika finjali da shayi, ya ɗora gaban sitiyari,
ya ce ja mu tafi.
A arba'in shayi na kwance.
A sittin ya hau tsalle har ya ƙona mini cinya.
Ya ce, "Juya. Na ji abin da ta ce."

A cikin rami ya nuna mini da ƙusa:
sandar kardan, gaɓa biyu kamar karan dawa,
faliye a tsakiya ya rungume ta da roba.
"Ka ɗaga gindi, ka bar tsakiya inda take.
Gaba na kallon hanya, baya na kallon rijiya.
Wa zai yi tafiya da karyayyen ƙugu bai ɗingisa ba?"

Ya aiki yaro gida
ya ɗauko ma'aunin kusurwa na ɗiyarsa Zuwaira, ƴar aji shida,
shuɗiyar roba, gefe ɗaya ya sha haƙori.
Ya ɗaura zare, ya rataya ƙaramin ƙarfe,
ya manna a cikin sanda, ya jira lilo ya tsaya.
Ya rubuta lamba a bangon rami da gawayi.
Ya matsa baya, ya rubuta wata.
Lambobin nan biyu ba sa ga maciji.

Daga tsohon murfin tukunyar dalma ya yanko faranti uku,
kowane kaurin dala biyu a haɗe,
ya huda su, ya goge bakinsu a dutse.
Kirik ya tallafi sanda,
bulon biyu suka fito da kuka,
ya zura faranti ɗaya tsakanin faliye da ƙashin mota,
ya sa dogayen bulon, ya ɗaure.
Muka fita. Shayi ya yi haƙuri har saba'in, sannan ya karkaɗa.
Ya sa uku. Tun daga tashi ta hau kakkarwa kamar mai masassara.
La'asar ta same mu muna cire na ukun.

Na ce, Baba, mu miƙe ta sarai mana, kamar sandar makiyayi, kowa ya huta.
Ya dube ni ta ƙarƙashin taya.
"In ta miƙe sarai, alluran gaɓa ba su juyawa,
wuri guda za su yi ta ci har su huda gidansu.
Bar mata ɗan karkata. Kaɗan. Kamar wuyan mai sauraro."

Biyu. Shayi ya kai Badagishiri a kwance,
ya huce, muka raba shi.

Jika uku ya karɓa.
Zuwaira na tsaye a bakin rami da littafi a hammata,
ta karɓi abinta, ta ga baƙin mai a kan lamba talatin,
ta harare mu duka, ta goge da gefen hijabi.

Daren nan na ɗauki hanyar Ƙonni da buhu ashirin.
Sai yanzu na san wata guda ke nan ban ji komai ba sai rawa:
ashe ƙofar hagu na ƙara,
ashe yaron motata Cindo minshari yake yi.